Lemon Inna a Randar Aure

Sabon Gari, Wudil,
Alhamis, 15 ga Maris, 1956.

Zuwa ga maigidana, Malam,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi da biyayya, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan karatunka a can Zariya. Yaya baƙunta, yaya karatu, yaya zafin da ya fara leƙowa? Mu nan lafiya lau muke, ni da Iya Indo, sai dai kewa. Ta ce in gaishe ka da kyau, in kuma tambaye ka ko ana sa muku daddawa a miya. In ba a sawa za ta ƙulla maka.

Ka yi haƙuri da rubutun. Wata takwas ke nan da na fara riƙe fensir a ajin yaƙi da jahilci, har yanzu baƙaƙena tafiya suke kamar tumakin da aka koro daga gona. Sunanka kuwa ba zan rubuta ba, ko a takarda ne da kunya. Maikano direba zai sa a rubuta a bayan ambulan gobe, in kasuwa ta tashi.

To, na san ba lafiyata kake jira ka ji ba, lafiyar 'ya'yanka uku kake jira. Kwantar da hankalinka. Tsiron lemon nan suna tagar ɗakinka inda ka bar su, kowanne a ƙoƙonsa, rana tana taɓa su da hantsi ta wuce. Babban ganyensa shida, na tsakiya biyar, ƙaramin nan mai karkata yana nan a huɗunsa kamar wanda ya yi rantsuwa. Akuya ba ta gan su ba, kaza ba ta gan su ba. Ni kaɗai nake shiga, in rufe in fito.

Jiya Iya Indo ta leƙa su, sai ga ta tana share ido da gefen zane. Ta ce shekarar da yayarta Inna ta haife ka ta dasa uwar lemon nan a Utai, kuma shekarar da Allah ya karɓi ranta gara ta kayar da bishiyar, ko wata huɗu ba su yi tsakani ba. Ta ce da ba ka tsince ƙwayoyin lemon ƙarshen nan guda bakwai ba, da yanzu babu ko ganyen da za a nuna a ce na Inna ne. Bakwai aka shuka, uku suka fito. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Takardar umarnin da ka bar mini na haddace ta kamar karatun allo. In saiwa ta leƙo ta ɓular ƙoƙo, a mai da shi kasko. In ya cika kasko, a mai da shi tukunya. Daga tukunya sai babbar tukunya, sannan baɗi war haka a kai shi ƙasa. Ruwa kuma sai an tsoma yatsa ya fito a bushe. Haba Malam! Ko amarya ba a yi mata wannan yawan ƙaura. Abin da za a dasa sau ɗaya a huta, me ya sa za a yi ta tumɓuke shi ana tayar masa da hankali? Na san za ka ce ni ba malamar gona ba ce. To, ni ba ita ba ce, amma gyaɗar da na shuka a Ɗankaza kafin a kawo ni gidanka, ba a taɓa yi mata kasko ba.

Iya Indo ta kai saƙonka wurin Gwadabe maginin tukwane. Ta ce sai da ya ajiye yumɓun hannunsa ya yi dariya ta ishe shi. Wai shekara talatin yana gini, mutane suna dawo masa da tukunya don tana yoyo, yau ga malamin gona yana so a gina masa masu ɓula da gangan. Amma ya ce zai yi, kasake uku da tukwane uku, in ya tashi gashi na gaba.

Saiwar babban ta fara leƙowa, fara sol kamar zaren ɗinki. Ina da wata shawara a raina game da su, amma ba zan faɗa ba. Sai ka dawo ka gani da idonka, ka ce lalle Rabi'atu ma tana da kai.

Ka gaida duk wanda ya tambaye mu. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da kai lafiya.

Ni ce matarka,
Rabi'atu.

Sabon Gari, Wudil,
Alhamis, 26 ga Afrilu, 1956.

Zuwa ga maigidana, Malam,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kana lafiya kamar yadda muke. Yaya ibada, yaya ƙishirwa? Yau azumi goma sha biyar a nan, Allah ya karɓa mana baki ɗaya. Takardarka ta iso, na karanta wa Iya Indo sau biyu, ta sa na sake karanta wurin da ka ce daddawarta ta ƙare a kwana huɗu don abokanka sun gano inda ka ɓoye.

Zafin bana, Malam, ba a magana. Kogi ya ja baya, an ce har yara suna ƙetarewa da ƙafa ta wajen mashaya. Kafin azahar harshe ya manne a ganɗa. Iya Indo tsufa bai hana ta ba, ko ɗaya ba ta sha ba, sai dai da la'asar takan shimfiɗa jiƙaƙƙen zane ta kwanta a kai. Baƙar akuyarta ta haifi biyu. Kajina uku sun mutu saboda zafi. An sake yaɓen katangar baya, ta wajen su Talatu maƙwabciyarmu. Kuɗin gero ya ɗan tashi, amma namu zai kai mu damina in Allah ya yarda.

Ka tambayi lemo har sau uku a takarda ɗaya. Suna nan. Gwadabe ya kawo kasake da tukwane, suna zaure a jere. Na ɗauke tsiron daga ɗakinka na dawo da su nawa, don in fi sa musu ido. Ba su rasa ruwa ba ko na yini ɗaya, wannan kam ko rantsuwa zan iya yi.

Af, na tuna. Talatu ta ce in tambaye ka wani abu, tunda kai ne malamin gona. Wai ita ma tana da ɗan tsiron lemo. Ta ce ta dasa shi a mazubi babba mai kyau, ƙasar fadama da taki, a ɗaki mai sanyi, tana ba shi ruwa safe da rana da yamma. Amma ganyen ƙasa sai ya yi rawaya ya faɗi, na bisa kuma ya yi laushi ya sunkuya kamar mai jin ƙishi. Ta ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Wai me yake so? Taki ne bai ishe shi ba, ko ciwo ne? Ta ce kuma ƙasar ta fara ɗan wari.

Ni dai na ce mata zan tambaya. Abin ya dame ta ƙwarai, ko abincin buɗa-baki ba ta iya ci sosai. Don Allah ka ba Maikano amsa a wannan zuwan, kada ka bari sai na gaba. Talatu ce take gaggawa.

Iya Indo tana gaishe ka. Ka sa mu a addu'a in ka sha ruwa, musamman ni.

Taka,
Rabi'atu.

Sabon Gari, Wudil,
Alhamis, 17 ga Mayu, 1956.

Zuwa ga maigidana, Malam,

Ina gaishe ka, ina fatan ka yi salla lafiya, Allah ya maimaita mana. Mu ma jikinmu lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, don in na tsawaita zan sake samun wurin ɓuya.

Malam, babu wata Talatu. Wato akwai ta, tana nan bayan katangarmu, amma baiwar Allah ko albasa ba ta taɓa shukawa ba. Ni ce. Lemon Inna ne. Biyu sun mutu, ɗaya ya rage, shi ma ganye biyu gare shi.

Na rubuta wannan layin na ajiye fensir na fita tsakar gida na dawo. Yanzu bari in faɗa maka daga farko.

Ranar da Gwadabe ya kawo kasake, na fito zaure na dube su. Ƙanana, jajaye, kowanne da ɓula a gindi, irin wanda ake zuba wa kaji ruwa ma ya fi su kyan gani. Sai zuciyata ta ce, lemon Inna ne zai zauna a wannan? Na koma ɗaki na juye ruwan randata, randar aurena da ka sani. Na sa mai jaki ya kawo ƙasar fadama da taki har zaure, na yi ta jida da ƙwarya sai da bayana ya riƙe. Na cika ta har kafaɗa, na fitar da su ukun daga ƙoƙunansu na dasa su tare, don kada su yi kaɗaici. Na ce an gama, ba kasko ba tukunya, sun shiga gidansu na dindindin. Wallahi ranar ji nake kamar na gina masallaci.

Iya Indo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in na ƙi jin maganarka, to aƙalla a huda gindin randar. Na ce mata a gidanmu ba a huda randar aure, kuma ita ma ta sani. Na faɗa da ɗaga murya. Ta dube ni ta juya.

Sai azumi ya kama. A nan ne na ƙarasa su. Duk lokacin da maƙogwarona ya bushe sai in dubi 'yan ganyen nan in ce, ni babba ina jin haka, ina ga su? Sai in ɗebo moɗa guda in zuba musu. Abin da ban sha ba su na ba. Wata rana sau shida. Yatsan da ka ce in tsoma ban tsoma ba ko sau ɗaya, don saman ƙasar kullum a bushe nake ganinsa. Ashe can ƙasa taɓo ne kwance. Randa ai aikinta riƙe ruwa, kuma tawa ba ta taɓa yoyo ba, abin da nake yabonta da shi ke nan shekara da shekaru.

Amsarka ta iso saura mako guda salla. Ka ce mazubin ya fi ƙarfin tsiron, 'yar saiwarsa ba za ta iya shanye ruwan da ƙasa mai yawa take riƙewa ba, ruɓewa take yi. Ka ce a fitar da shi a ranar, a mai da shi ƙaramin abu mai ɓula. A ƙarshe ka ce in gaya wa Talatu kada ta ji kunya, kowa yana kuskure. Wannan layin na karanta shi ya fi sau goma. Ka gane, ko? Na san ka gane.

Ga abin da ya fi yi mini nauyi. Ban fitar da su a ranar ba. Na sa takardarka ƙarƙashin tabarma. Na riga na cika baki a gaban matan unguwa, na ce su zo ran salla su ga lambu a cikin ɗaki. Ga kuma idon Iya Indo. Sai na ce bari in daina ba su ruwa kawai, su lallaɓa har a gama salla, in fitar da su ba wanda ya sani. Babban ya mutu ran jajibere. Ran salla na rufe randar da faifai na ce wa mata barci suke, suka yi dariya, ni ma na yi. Na tsakiya ya bi shi bayan kwana uku. Da na ja shi, ko ƙarfi ban sa ba ya taho. Saiwar baƙa, mai yauƙi, tana wari kamar rijiyar da aka daɗe ba a yashe ba. Da na bi maganarka a ranar da ta zo, wataƙila da ukun suna nan. Kunyar mata shida ta sa na kashe su.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa maka ba, kuma shi ne tushen abin duka.

Ka tuna shekarar da aka kawo ni. Inna ta miƙa mini 'yar tukunyar da ba ta fi cin mutum biyu ba. Wata uku ina kanta kafin ta ba ni mai bi mata. Babbar tukunyar gida kuwa sai da na shekara. Na ɗauki abin raini. Tana kirana 'Yar Garaje tana dariya, ni kuwa ina haɗiyewa. Wata rana ba ka nan na mayar mata da magana, na ce a gidan ubana na tuƙa wa mutum ashirin tuwo ba wanda ya tsaya a kaina. Ba ta taɓa gaya maka ba. Ni ma ban ba ta haƙuri ba.

Ranar da jikinta ya yi tsanani, dangi suna shiga ɗaya bayan ɗaya suna neman gafara, na zo bakin ƙofa da ƙwaryar kunu a hannu. Na ga ɗakin cike. Na ce ba zan durƙusa a gaban mutane ba, bari sai la'asar in sun ragu. Ba ta kai la'asar ba, Malam.

Shi ya sa randar. Ba ni da abin da ya fi ta daraja a duniya. Na so in ba Inna babban abu gaba ɗaya, lokaci guda, ko na samu sauƙi a raina. Sai ga shi abin da na yi mata da rai na sake yi wa lemonta.

Wanda ya rage ƙaramin nan ne mai karkata. Na sa hannu zan tono shi, na ji saiwa tana tsinkewa a yatsuna, na bari. Jiya Iya Indo ta kira Gwadabe, ya tsaya a zaure ina bayan asabari. Ya ce tsohuwar randa cike da taɓo ba ta hudawa, ba ta kuma kwantawa. Hanya ɗaya ce: a fasa cikinta, ƙasar ta zube da kanta, a ɗauke tsiron da abin da ya rage masa.

Ka san randar nan. Da ita aka kai mahaifiyata ɗaki, da ita aka kawo ni, a kan jaki daga Ɗankaza, mahaifiyata tana tafe a gefe tana riƙe da wuyan randar duk tsawon hanya. Tun da ta rasu ba ni da zanenta, ba ni da ko awarwaronta. In na sha ruwan randar nan ita nake tunawa. Na ɗauki taɓarya yau da safe, na ajiye. Ban iya ba.

Ka faɗa mini abin da zan yi. Ka kuma yafe mini, saɓon da ƙaryar da jinkirin. Ban cancanta ba, amma wannan karon ba zan jira la'asar ba.

Iya Indo tana gaishe ka. Allah ya huci zuciyarka.

Matarka mai laifi,
Rabi'atu.

Sabon Gari, Wudil,
Alhamis, 14 ga Yuni, 1956.

Zuwa ga maigidana, Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da godiya, ina fatan kana lafiya, da karatu da jarrabawar da ka ce ta matso. Yaya ruwa a wajenku? Mu nan an yi shuka, gero har ya fara rufe ƙasa. Lafiyarmu ƙalau, ni da Iya Indo.

Takardarka sai Juma'ar da ta wuce ta iso. Motar Maikano ta lalace, ya yi mako biyu bai zo kasuwa ba, takardar tana aljihunsa har ta sha ruwa a gefe. Mako uku ina kallon ƙofa. Na ce shi ke nan, Malam ya yi fushin da ba ya magana. Na rame har zanena yana zamewa.

Na karanta. Ka ce ka yafe tun kafin in roƙa. Ka ce tun layin farko ka gane, don Talatun da ka sani ko zogalen gidanta mijinta ke ba ruwa. Sannan ka ja layi biyu a ƙarƙashin magana ɗaya: kada in fasa randar. Ka ce Inna ba a cikin lemo take ba, in ya mutu ya mutu, amma kada in raba kaina da abin mahaifiyata saboda kai. A nan na kasa ci gaba, sai da Iya Indo ta karɓe takardar daga hannuna don kada hawaye ya ƙarasa abin da ruwan sama ya fara.

Malam, takardarka ta makara. Na fasa ta tun kwana biyu bayan na rubuto maka.

Ranar Asabar ce. Na tashi na tarar ɗaya daga ganye biyun ya faɗi a kan ƙasar. Na ce in na jira amsa, jinkiri na uku ke nan. Na kira Iya Indo, ta shimfiɗa tsohuwar tabarma, ta tallafi tsiron da tafin hannu. Na yi bisimilla na ɗaga taɓarya. Bugu na farko ban sa ƙarfi ba, randar ta yi ƙara kawai, irin wadda take yi in an taɓa ta da moɗa. Na biyu ta tsage. Na uku cikinta ya buɗe, baƙin ruwa ya malalo har ƙofar ɗaki. Na zauna a cikin taɓon nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne mahaifiyata.

Saiwar duk ta ruɓe sai zare ɗaya fari, bai kai gaɓar yatsa ba. Muka wanke shi, muka yanke ruɓaɓɓen da reza, muka haɗa rairayin kogi da 'yar ƙasa kaɗan. Na ɗauko kasko, Iya Indo ta ce a'a, bai kai ba, ya koma ƙoƙonsa. Wata biyu na wahala, ga shi ya dawo inda ka bar shi, a tagar ɗakinka.

Muna cikin wankin saiwar ne ta ba ni labarin da ban sani ba, ban san ko kai ka sani ba. Wai da aka kai Inna gidan mahaifinka, kwana uku da zuwanta aka ɗora mata babbar tukunya ranar wani suna. Tuwon ya yi gudaji, ƙasansa ya ƙone, mata suka yi ta yi da ita, har suna suka laƙaba mata wanda ya bi ta shekara goma. Ta rantse in Allah ya ba ta suruka ba za a yi mata haka ba. Ni kuwa shekara guda ina cewa raini ne.

Na durƙusa a gaban Iya Indo, hannuna duk laka, na ce tunda yayarta ba ta nan, ita ta karɓi neman gafarata a madadinta. Ta ce ai Inna ta gan ni ranar. Ta ga inuwata da ƙwaryar kunu a bakin ƙofa. Wata ta tashi za ta kira ni, Inna ta ɗaga hannu ta ce a bar 'Yar Garaje, za ta shigo in ta shirya, kada a kunyata ta a gaban mutane. Iya Indo ta ce daga nan idon Inna bai bar ƙofar ba.

Ban san ko wannan ya sauƙaƙa mini ko ya ƙara mini ba. Wata rana in ji kamar an sauke mini kaya, wata rana in ji kamar an ƙara dutse. Ina dai yi mata addu'a bayan kowace salla, ita da mahaifiyata tare.

Lemon kuwa mako uku yana tsaye kamar tsinke, da ganyensa ɗaya. Kullum in tsoma yatsa, in ya fito da danshi in juya in fita, ko da hannuna yana ƙaiƙayin moɗa. Shekaranjiya Talata da hantsi na shiga, sai ga wani abu a ƙoƙuwarsa, kore shar, bai kai farcen jariri ba. Na ɗauka ƙwaro ne, har na kai hannu zan kaɗe. Ganye ne, Malam. Sabon ganye. Na ƙwala wa Iya Indo kiran da ya sa ta fito ba ɗankwali.

Tsingaron randar ban zubar ba. Gwadabe ya ce a riƙa ɗora ɗan guntu a kan ɓular don ƙasa kada ta bi ruwa ta fita. Ɗaya yana gindin ƙoƙon yanzu. Na zaɓi uku na ajiye, na kasko, na tukunya, na babbar tukunya. Wuyanta kuma ya fita lafiya, da zanensa, ko tsaga babu. Shi za mu kafa masa baɗi in ya shiga ƙasa, don kaji.

Sau biyu na saɓa maka ka yafe. Wannan na ukun ban san umarninka ba lokacin da na yi, amma gaskiya ko takardar ta zo a kan lokaci da na fasa. Ba zan nemi gafara a kansa ba.

Yanzu a tulun Iya Indo muke shan ruwa, ba sanyi kamar da, amma muna sha. Na san halinka, za ka sauka daga mota ka wuce kasuwa ka sayo mini randar da ta fi kowace girma. Don Allah kada ka yi. Ka ce wa Gwadabe ya gina mini ƙaramin tulu tukuna.

Iya Indo tana gaishe ka, Talatu ma tana gaishe ka, ta gaskiyar. Allah ya ba da sa'a, ya dawo mana da kai lafiya.

Ni ce matarka,
Rabi'atu 'Yar Garaje.